Maɓallan Kaka Marasa Huji

Akwai wata yarinya 'yar aji huɗu da kowa ke kira Meyasa. Ba shi ne sunanta na gaskiya ba, bakinta ne ya jawo mata. In aka ce ta rufe taga, sai ta ce, "Me ya sa?" In aka ce ta buɗe, nan ma sai ta ce, "Me ya sa?" Ta taɓa kwance agogon bango don ta ga mai tura hannuwansa. Tun daga ranar agogon bai sake motsi ba.

Su uku ne a gidansu: ita da Mama da Kaka, wato mahaifin Mama. A da Kaka tela ne, tela kuwa na ji da gani. Yanzu ya tsufa ya bar aiki. Amma keken ɗinkinsa na nan a bakin taga, an rufe shi da ƙyalle. Yana kuma da wani tsohon gwangwani cike da maɓallai. Ko ina za shi, da gwangwanin nan yake tafiya.

Kaka yana da ciwon mantuwa. Yakan ci abinci, a ɗauke kwano, sai ya ce yau ba a ba shi komai ba. Wani lokaci yakan kalli Meyasa ya ce, "Ke 'yar gidan wa ce?" Can kuma sai ya gane ta, ya yi dariya ya ce, "Au, ashe mutuniyata ce!"

Wannan abu yana ɗaure wa Meyasa kai.

"Mama, me ya sa Kaka ya san sunan kowane yadi, amma bai san ya karya kumallo ba?"

"Ciwo ne a ƙwaƙwalwa," in ji Mama. "Abin da ya daɗe yana nan daram. Sabon abu ne ba ya zama."

"Me ya sa sabo ba ya zama?"

"Wannan sai likita. Ni dai miƙo mini tsintsiya."

Ban da mantuwa, Kaka yana da hawan jini. An taɓa kwantar da shi a asibiti saboda shi, kuma babu wanda ya ji daɗin zaman. Kaka bai gane ɗakin ba, bai gane gadon ba. Ya yi ta neman kekensa yana kuka. Meyasa ba ta taɓa ganin babba yana kuka ba sai ranar, kuma abin ya tsaya mata a rai. Da za a sallame shi likita ya ce, "In jinin ya sake hawa, dole mu sake kwantar da shi."

Don haka Mama ba ta wasa da magani. Tana da ƙaramin akwati mai ɗakuna bakwai, kowace rana da ɗakinta. Ita kaɗai ke zuba magani a ciki. In ta gama sai ta kulle shi a kabad, ta jefa makullin a jaka. Kullum da safe takan ba Kaka ƙwaya biyu. Ɗaya doguwa ce ruwan ɗorawa, ta mantuwa. Ɗaya fara ce zagayayya, ta hawan jini.

Sai dai safiyar gidan nan gudu-gudu ce. Mama tana aiki a wajen buga takardu, motar da take shiga kuma ba ta jiran kowa. Takan zuba wa Kaka ƙwayoyin a hannu, ta ba shi kofin ruwa, ta suri jaka.

"Meyasa, ki tsaya ki ga ya haɗiye kafin Anti ta iso!"

Anti ƙanwar Mama ce. Ita ke zama da Kaka in sun fita.

Wata safiya Meyasa ta lura da wani abu. Kaka ya kai hannu baki, ya sha ruwa, maƙogwaronsa ya motsa. Amma yatsunsa biyu a manne suke, bai raba su ba. Sai da ya ji Mama ta rufe ƙofa, sannan ya jawo gwangwaninsa.

Da wata yarinya ce, da ta wuce abinta. Ban da Meyasa. Ta matso har hancinta ya kusa shiga gwangwanin.

"Kaka, mene ne a hannunka?"

Kaka ya duba ƙofa, ya duba taga. Sannan ya buɗe yatsunsa a hankali. Ga farar ƙwayar nan, ko jiƙewa ba ta yi ba.

"Kaka! Ai maganinka ne!"

"Wane irin magani? Ke ma idonki irin na uwarki ne." Ya ɗaga ta sama wajen haske. "Duba da kyau. Farin maɓalli ne na gaban riga. Masu yi ne suka yi ha'inci, ba su huda shi ba."

Meyasa ta duba. Kai, gaskiya sun yi kama! Girmansu ɗaya da ƙananan maɓallan rigarta ta makaranta.

"To me ya sa Mama take ba ka?"

"Uwarki yarinya ce, ba ta san kayan aiki ba. Kullum sai ta ce in haɗiye maɓalli. Ni da na yi shekara da shekaru ina ɗinki! Ke kin taɓa ganin telan da ya haɗiye maɓallinsa?"

Meyasa ta fashe da dariya. Kaka ma ya yi dariya har da tari. Ya zaro wani ɗan ƙyalle daga ƙasan gwangwanin, ya kwance. Akwai wasu fararen a ciki. Ya ƙara ta yau, ya ƙulle.

"Tara su nake yi," in ji shi. "In sun isa zan ɗinka miki riga shuɗiya, in jera miki su daga wuya har ƙasa."

Daga nan bakin Kaka ya buɗe. Ya nuna mata maɓallin ƙaho da na ƙarfe da na katako. Ya gaya mata dalilin da ya sa wani ke da huji biyu, wani huɗu. Duk abin da ta tambaya sai ya amsa, bai ce ta cika surutu ba. Rabon da Meyasa ta ga idonsa yana haske haka har ta manta. Daɗi ya cika ta.

Da suka ji takun Anti a matakala, Kaka ya kama hannunta.

"Mutuniyata, wannan tsakaninmu ne. Kada ki gaya wa kowa, su ƙwace mini. Kin yi alkawari?"

Meyasa ta dubi gwangwanin. Ta san Mama ta ce ta ga ya haɗiye. Amma kuma Kaka babba ne, ga shi yana murna.

"Na yi alkawari," in ji ta.

To, nan ne Meyasa ta yi kuskure. Yarinyar da ke tambayar komai, sai ga shi ta kasa yi wa kanta tambaya ɗaya: me zai faru da Kaka in bai sha maganin ba?

Haka aka ci gaba. Kullum in Mama ta dawo takan ce, "Ya sha?" Meyasa takan ce, "Ya sha ruwa sosai," ta yi sauri ta shige ɗaki. A ganinta ba ta yi ƙarya ba. Amma in ta faɗi haka sai ta kasa haɗa ido da Mama.

Ana nan sai Kaka ya fara dafe kai. Ya daina ba da labarin maɓallai. Wata rana ya tashi zai je bayi, sai jiri ya ɗebe shi, Anti ta tare shi da ƙyar. Mama ta tsaya gaban kabad tana duba akwatin magani.

"Ikon Allah," in ji ta. "Ga ɗakunan nan duk babu komai, yana sha kullum. To me ke faruwa?"

Meyasa ta sunkuyar da kai tana wasa da igiyar takalminta.

Washegari a makaranta ta kasa natsuwa. Sai wata dabara ta faɗo mata. In ta lallashi Kaka ya shanye duk waɗanda ya tara, ai shi ke nan, an rama. Babu wanda zai sani. Amma ta ce bari dai ta tambaya tukuna. Da aka fita hutun tara, ta bi Malamar kimiyya har bakin ofis.

"Malama, ina da tambaya."

"Da ma yaushe kika rasa? Ina jin ki."

"In mutum bai sha maganinsa ba kwana da yawa, zai iya haɗa su duka ya shanye lokaci ɗaya?"

Malama ta ajiye littattafan hannunta.

"A'a! Ko kusa! Wannan zai iya kashe mutum. Magani ba shara ba ce da za a tara a kwashe rana ɗaya. Kowace ƙwaya da lokacinta." Ta ƙura mata ido. "Wa ye bai sha maganinsa ba?"

"Tambaya ce kawai, Malama."

"To ki saurare ni. In kin san wani da ba ya shan maganinsa, ki gaya wa babba yau ɗin nan. Kin ji ko?"

"Na ji, Malama."

Meyasa ta koma aji tana tunani. Ashe da ta bi dabararta, da ta yi ɓarna babba. Ta ƙudura za ta gaya wa Mama. Amma da ta isa gida, Kaka ya ɗaga kai ya ce, "Mutuniyata ta dawo." Sai ta tuna alkawarin, ta fasa.

Ranar da za a koma ganin likita ba makaranta, don haka Meyasa ta bi su. Kaka ya zauna a kujera, gwangwaninsa a cinya. Likita ya naɗa masa wani abu a damtse, ya danna. Abin ya kumbura, ya saki. Likita ya duba lambar, ya sake gwadawa. Fuskarsa ta canza.

"Jinin ya hau sosai," in ji shi. "Yana shan maganinsa kuwa?"

"Kullum, Likita. Da hannuna nake ba shi," in ji Mama.

"To ke nan maganin ya yi masa kaɗan. Zan ƙara masa mai ƙarfi. Kuma gara mu kwantar da shi mu sa masa ido."

Kaka bai fahimci duk maganar ba, amma ya ji an ce a kwantar. Ya rungume gwangwaninsa.

"Ni gida za ni," in ji shi. "Akwai ɗinkin mutane. Ku mai da ni gida."

Meyasa ta miƙe tsaye. Ta dubi Kaka, ta dubi biron likita yana tafiya a kan takarda. Tsoro ya kama ta, tausayi ma ya kama ta.

"Likita," in ji ta. Muryar ta fito 'yar ƙarama. "In aka ƙara wa mutum magani mai ƙarfi, alhali na farkon ma ba ya sha, me zai faru?"

"Ke Meyasa, ba yanzu ba," in ji Mama.

Amma likita ya ajiye biro.

"Bar ta. Tambaya ce mai kyau. In ya zo ya sha mai ƙarfin, jininsa zai iya sauka fiye da kima. Sai jiri, sai faɗuwa. Me ya sa kika tambaya?"

Sai hawaye. Meyasa ta faɗi komai, tana magana tana shessheƙa. Ta faɗi yadda Kaka ke maƙale ƙwayar a tsakanin yatsu. Ta faɗi ɗan ƙyallen da ke ƙasan gwangwani, da rigar da aka yi mata alkawari.

Mama ta riƙe baki. Ta miƙa hannu za ta karɓi gwangwanin, Kaka ya ƙanƙame shi. Likita ya yi mata alama ta dakata. Ya jawo kujerarsa kusa da Kaka, ya rage murya.

"Baba, an ce kai tela ne."

"Tela kuwa," in ji Kaka, ya ɗan gyara zama.

"Ko za ka nuna mini kayan aikinka?"

Kaka ya dube shi sama da ƙasa. Ya ga maɓallin wuyan rigar likitan yana lilo.

"Wa ya ɗinka maka wannan? Ai ba tela ba ne, maƙiyinka ne."

Likita ya yi dariya. Kaka ya buɗe gwangwanin da kansa, ya fito da ɗan ƙyallen, ya kwance. Fararen ƙwayoyi suka cika tafin hannunsa.

"Masu kyau ne," in ji likita. "Sai dai, Baba, ba su da huji. Ta ina allura za ta bi?"

Kaka ya juya ɗaya, ya sake juyawa. Ya taɓe baki.

"Gaskiyarka. Aikin banza ne."

"To ka bar mini su, ka riƙe nagarin."

Kaka ya juye masa su a hannu. Amma da ya waiwayo ya ga Meyasa, sai ya ɗaure fuska.

"Ke kika faɗa," in ji shi, ya kau da kai.

Wannan maganar ta fi bulala zafi.

Likita ya yage takardar da ya fara rubutawa. Ya ba Kaka magani nan take, ya ce su zauna a ga yadda jinin zai yi. Sun daɗe a kan bencin asibiti, Mama ta rasa aikin ranar. Can aka sake gwadawa, jinin ya ɗan sauka.

"Za ku iya tafiya gida, amma ku dawo mako mai zuwa," in ji likita. "Na yi magana da mai ba da magani. Akwai irin wannan maganin dogo, wanda bai yi kama da maɓalli ba. Shi za a ba ku. Ku riƙa ba shi ɗaya bayan ɗaya, babba na zaune har ya haɗiye. Kada a daka, kada a zuba a abinci sai kun tambaye ni. In ya ƙi sha, kada a yi masa faɗa. A ɗan jira a sake gwadawa, in ya ƙi kuma a gaya mini."

"Tsofaffin fa?" in ji Meyasa, tana share hanci. "Ina za a kai su?"

"Mai ba da magani zai karɓa. Ba a barin su a gida, kada wani yaro ya tsinta."

Sai da suka shiga gida Kaka ya kwanta, sannan Mama ta kira Meyasa zuwa kicin.

"Kin san abin da kika kusa jawowa?"

"Na sani, Mama. Ki yi haƙuri."

"Kullum ina tambayarki, kina ce mini ya sha ruwa. Ɓoye gaskiya ai ƙarya ce, ko da kalmomin daidai suke."

"Ya sa na yi alkawari ne. Kuma yana murna, Mama. Ya daɗe bai yi dariya haka ba."

Mama ta matso kusa da ita. Sannan ta jawo ta jikinta.

"Na san don kina son sa ne. Amma ciwon Kaka yakan sa ya ga abu ba yadda yake ba. Sai mu gane masa. Ni ma da laifina. Na ɗora miki aikin manya ina ta gudun mota. Daga gobe zan riƙa tashi da wuri."

Da safe kuwa Mama ta zauna a gefen gadon Kaka, jakarta a ajiye. Ta ba shi ƙwaya ɗaya, ya haɗiye. Ta ba shi ta biyu. Kaka ya juya ta, ya ga doguwa ce, ya jefa a baki. Mama ta ce, "Baba, mu ga hannun." Ya buɗe yatsunsa goma yana dariya.

Meyasa tana raɓe a bakin ƙofa. Tun jiya take tsoron haɗa ido da shi. Da ƙyar ta matso ta durƙusa.

"Kaka, ka yafe mini. Na karya alkawari."

Kaka ya dube ta da mamaki.

"Wane alkawari?"

Ya manta. Meyasa za ta iya yin shiru, maganar ta wuce. Amma ta gaji da ɓoye-ɓoye.

"Ka ɓoye maganinka, ka ce kada in faɗa. Ni kuma na faɗa, don za su kwantar da kai."

"Ni na ɓoye magani?" Kaka ya girgiza kai. "Kai, tsufa! To da kin bar ni da na cuci kaina ke nan." Ya dafa kanta. "Kin kyauta, mutuniyata. Kaina ya zama rariya. In na manta, ke ki tuna mini."

Da suka koma asibiti, likita ya gwada jinin ya yi murmushi. Ya ce ba maganar kwanciya. Kaka ya dawo gida, ya zauna a kujerarsa ta bakin taga, ciwon kai ya tafi.

Tun daga nan Meyasa ta riƙe darasi biyu. Magani aikin manya ne, kuma a sha shi yadda likita ya ce. Sannan duk sirrin da zai cutar da wani ba a riƙe shi, ko da wanda kake ƙauna ne ya roƙe ka. Ka gaya wa babba tun da wuri, wannan ita ce ƙauna ta gaskiya.